Santsi da Taɓo: Wa Ya Kayar da Wa?

Mahaifina tela ne. A durowar keken ɗinkinsa, inda sauran teloli ke zuba allura da maɓallai, shi wani tsohon gwangwanin madara yake ajiyewa, cike da takardun haraji na shekara da shekaru, an ɗaure su da zare. A can ƙasansu akwai katinsa na NEPU, tsohuwar jam'iyyar talakawa ta Malam Aminu Kano, duk ya dafe. Da Muhammadu Abubakar Rimi ya hau kujerar gwamnan Kano a watan Oktoban 1979 ya ce an soke haraji da jangali, Baba ya zazzage gwangwanin nan a tabarmar zaure, ya kira ƙaninsa, Baffanmu, wanda malamin firamare ne, ya ce ya karanto masa shekarun. Baffa na karantawa, Baba na faɗin abin da aka sayar a wannan shekarar kafin a biya. Wata shekarar tunkiya, wata shekarar tasoshin jeren Inna. Ranar har shayi aka dafa da rana tsaka.

Ba a rufa shekara ba mutanen nan biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, suka daina sa hannu a kwano ɗaya. Jam'iyyarsu ta PRP, magajiyar NEPU, ta dare biyu: Baba ya zama ɗan taɓo, ɓangaren Malam Aminu Kano, Baffa ɗan santsi, ɓangaren Rimi. Sai dai a raba musu tuwo, ni kuma da nake yaro ni ke kai wa kowa nasa, ɗaya a zaure, ɗaya a shago.

Abin da ya sa na tono wannan labari shi ne, duk lokacin da wata jam'iyya ta dare biyu a Kano za ka ji wani a rediyo yana cewa ai ba yau farau ba, tun santsi da taɓo haka muke. Maganar tana da daɗin faɗa, amma akwai zalunci a cikinta. Abin da ya sami PRP shi ne abin da ke samun duk jam'iyyar da ta taso da sunan talaka ranar da mulki ya faɗo hannunta. Wasu su ce a gaggauta rushe abin da aka zo rushewa tun guduma na hannu, wasu su ce a bi a sannu kada rufin ya rufto wa masu ɗaki. Turawa na kiran wannan hagu da dama, sunan da ya samo asali daga yadda wakilai suka zauna a majalisar Faransa a 1789, masu neman sauyi a hagun shugaban zama, masu goyon bayan sarki a damansa. Kanawa ba su ari sunan kowa ba. Sun dubi ƙasa da damina suka samo nasu: waɗancan santsi ya kwashe su, waɗannan sun kafe a taɓo. Duka sunayen biyu gori ne, kuma kowane ɓangare ya ɗauki nasa ya rataya a wuya yana taƙama da shi.

Ga ra'ayina, kuma na san ba zai yi wa 'ya'yan kowane gida daɗi ba. Saɓanin da kansa PRP za ta iya ɗaukarsa, don da shi aka haife ta. Abin da ya karya ta shi ne maganin da ɓangarorin biyu suka zaɓa, wato kora.

NEPU kanta ai ɓaraka ce. Samarin da suka kafa ta a Kano ranar 8 ga Agustan 1950 daga cikin Jam'iyyar Mutanen Arewa suka fito, don sun ga manyan cikinta ba su da niyyar taɓa mulkin En'e. Su ne 'yan santsin zamaninsu. Sun kwana gidan yari, sun sha bulala a gaban alƙali, an raba wasu da garuruwansu. Amma jagoran da suka bi, Malam Aminu Kano, bai taɓa zama mai gudun zama da abokin hamayya ba. NEPU ta yi ƙawance da NCNC ta Azikiwe, kuma da NCNC ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC, jam'iyyar da ke mulkin Arewa, bayan zaɓen 1959, Malam ya tsinci kansa a ɓangaren gwamnati a majalisar tarayya da ke Legas, alhali mutanensa na shan wuya a hannun 'yan NPC a gida. Zamanin Gowon ya riƙe kwamishinan tarayya, na sadarwa sannan na lafiya. Ko a 1978 ɗin ma sai da ya zauna a tarurrukan da suka haifi NPN, jam'iyyar Shagari, kafin ya kaɗe rigarsa aka kafa PRP. Mutum ne mai zafin aƙida mai sanyin dabara, kuma wanda ya san haka ba zai yi mamakin matsayin da ya ɗauka a 1980 ba.

PRP ɗin da ya kafa kuwa mutane iri biyu ta tara a ƙarƙashin alamar makulli. Akwai tsofaffin 'yan NEPU irin su Baba: teloli, mahauta, 'yan koli, malaman zaure, manoma. Ƙuri'a a hannunsu take, kuma da yawansu shatar bulala na nan a gadon bayansu. Masu tabo a baya, yawanci su suka zama 'yan taɓo. Sai kuma samarin 'yan boko da suka shigo da zafinsu: malaman jami'a, ma'aikatan gwamnati, 'yan ƙwadago, waɗanda suka karanta littattafan gurguzu suna iya yi maka bayanin yadda ɗan kwangila da basarake da kamfanin waje suke cin tuwo ɗaya. Rimi yana da shekara 39 ya zama gwamna. Abdulƙadir Balarabe Musa, akanta, yana da 43 ya karɓi Kaduna. Dakta Yusufu Bala Usman na jami'ar Ahmadu Bello ya zama sakataren gwamnatin Kaduna, Dakta Bala Muhammad ya zama mai ba Rimi shawara kan siyasa. Kafin zaɓe babu wanda ya damu da wannan bambanci, kowa "Nasara" yake cewa. Jihohi biyu kacal jam'iyyar ta ci cikin 19, amma a Kano ta yi shara: Malam ya kwashe sama da kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un shugaban ƙasa, Shagari bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. Wannan gibin na Kano ne ma ya jawo shari'ar nan ta sha biyu da biyu bisa uku, kan ko Shagari ya cika sharaɗin cin zaɓe a kashi biyu cikin uku na jihohi 19, har gaban kotun ƙoli.

Tsamin farko daga rabon muƙami ya fara. Aka karanto sunayen kwamishinoni, kusan duk masu digiri. Ina jin Baba yana taka keke yana cewa, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Baffa ya ce, "Haba Yaya, ai ma'aikatar kuɗi ba a riƙe ta da shatar bulala." Baba ya tsayar da keken ya dube shi ya ce, "Da ba a sha bulalar ba, da kai ma har yanzu kana durƙusa wa ɗan doka." Kowannensu gaskiya ya faɗa, kuma jam'iyyar ba ta tanadi wurin da za a zauna a auna gaskiyar nan guda biyu ba.

Abin da ya fasa ƙwan shi ne taron gwamnoni tara. Gwamnonin UPN ta Awolowo biyar, na GNPP biyu, wato Muhammadu Goni na Borno da Abubakar Barde na Gongola, da na PRP biyu, suka fara haɗuwa lokaci-lokaci suna fitar da matsaya ɗaya a kan gwamnatin tarayya. Dalilinsu ba boyayye ba ne. Kuɗin jihohi daga Legas yake fitowa, 'yan sanda na tarayya ne, kuma a watan Janairun 1980 kowa ya ga yadda aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar Borno, aka tsallaka da shi Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne. Gwamnan adawa da ya ga haka ya san in ya tsaya shi kaɗai, gobe kansa za a zo.

Shugabannin jam'iyya su ma suna da nasu lissafin. Biyar cikin tara mutanen Awolowo ne, saboda haka ko an ƙi ko an so shi ne uban tafiya, PRP kuwa jela. Malam ya san Arewa. Ya san NPN ba ta buƙatar wani makami da ya wuce ta shiga ƙauye ta ce an sayar da ku. Sannan akwai tambayar da ta fi wannan nauyi: wa ke da ikon ƙulla wa jam'iyya ƙawance, shugabanninta ko gwamnan da ta tsayar? Aka umarci gwamnonin biyu su daina zuwa taron. Suka ƙi. A cikin 1980 aka kore su. Michael Imoudu, tsohon jagoran 'yan ƙwadago wanda ya yi suna tun yajin aikin 1945, kuma mataimakin Malam a jam'iyya, ya bi gwamnoni. Su ma suka yi nasu taron suka ce su ne PRP ta gaskiya. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta ce ɓangaren Malam ta sani.

'Yan santsi na cewa sakataren jam'iyya, S. G. Ikoku, so yake ya kai PRP gidan NPN ya ɗaura mata aure. 'Yan taɓo na cewa Rimi ne zai ƙare a gidan wasu. Kafin a rufe Jamhuriya ta Biyu, Ikoku na NPN, Rimi na NPP, jam'iyyar Azikiwe. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Shi ya sa nake ɗari-ɗari da masu ɗauko ma'aunin hagu da dama su ɗora a kan wannan rigima kamar hula. Waɗanda ake kira masu ra'ayin riƙau a PRP su ne mutanen da suka yi zaman kurkuku saboda ƙin cire wa hakimi takalmi. Waɗanda ake kira 'yan gurguzu kuma, da tafiya ta yi tafiya, jagoransu a Kano ya sauka a NPP, jam'iyyar da har tsakiyar 1981 take cikin yarjejeniya da NPN tana riƙe da kujerun minista. A kan inda za a je, Baba da Baffa ba su taɓa musu ba. Musunsu a kan sauri ne, da abokin tafiya, da wanda zai riƙe linzami.

Dole a ba 'yan santsi haƙƙinsu, sun yi aiki. Ban da soke haraji, gwamnatin Rimi ce ta fara ba da hutun ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu a 1980, kafin tarayya ta bi sahu. Ta kafa hukumar yaƙi da jahilci wadda ta zaunar da magidanta da matan aure a aji, ta kafa kamfanin jaridar Triumph da gidan talabijin na jiha, ta ja wutar lantarki zuwa garuruwan da ba su taɓa ganin ƙwan fitila ba. Ba a banza ake ce masa Limamin Canji ba. Wanda ya ce santsi rashin kunya ce kawai ga Malam bai yi adalci ba.

Amma dubi Kaduna. Balarabe ya kayar da Lawal Kaita a zaɓen gwamna, sai dai majalisar jiha mai kujeru 99 NPN ke da 64, PRP na da 16. Ya kai sunayen kwamishinoni aka yi watsi da su, ya sake kaiwa aka sake watsarwa, shi kuma ya ce ba zai raba gwamnati da mutanen da ya zo yaƙa ba. Haka ya yi mulkinsa kaf babu kwamishina ko ɗaya. Tsige gwamna kashi biyu cikin uku yake buƙata, wato 66. Mutumin da ke tsaye a bakin rami irin wannan yana buƙatar kowane hannu da zai riƙe shi, sai ga shi jam'iyyar da ta tsayar da shi ta riga ta ce ba nata ba ne. Ranar 23 ga Yunin 1981 aka tsige shi, gwamna na farko da aka yi wa haka a tarihin Najeriya. Ina girmama tsayuwar Balarabe, kuma rayuwar da ya yi har rasuwarsa a 2020 ta nuna ba wasan kwaikwayo yake ba. Amma talakan Kaduna da ya ba shi ƙuri'a shekara huɗu ya zaɓe shi, bai samu biyu cikakku ba. Laifin wannan a raba shi uku: NPN da ta ɗana tarko, gwamnan da ya ƙi lanƙwasa ko kaɗan, da uwar jam'iyyar da ta janye masa tsani.

Ba a yi sati uku ba wuta ta tashi a Kano. Gwamnatin Rimi ta riga ta ɗaga wasu masarautu irin su Gaya da Rano da Dutse, sannan ranar 7 ga Yuli ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero takardar tuhuma. Ranar Juma'a 10 ga wata gari ya hargitse. Aka banka wa gidan rediyon jiha wuta, da ofishin Triumph, da wasu ma'aikatu, aka bi Dakta Bala Muhammad har gida aka kashe shi. Ina tuna hayaƙin, daga soron gidanmu ana hango shi. Baffa ya fita tun safe, har la'asar babu labarinsa. Baba, wanda ya yi wata da watanni ba ya amsa masa gaisuwa da kyau, ya rufe shago ya tsaya a ƙofar gida, carbi a hannu, ko zama bai yi ba. Da Baffa ya ɓullo daga lungu, ba hula, takalmi ƙafa ɗaya, Baba bai ce masa uffan ba. Ni ya juyo ya ce wa, "Kai, kawo wa Baffanka ruwa." Ya shige ciki.

A nan ne nake ganin 'yan santsi suka karanta talaka a littafi suka kasa karanta shi a lungu. Mutumin birni da ya tsani haraji, ya tsani ɗan doka, ya tsani dagacin da ke shanya mutane a rana, shi ne kuma zai bar sana'arsa ya je kallon hawan Sarki yana jinjina. A zuciyarsa waɗannan abubuwa biyu ba sa karo. Tsofaffin 'yan NEPU sun san wannan, don shekara talatin suna tafiya a kan siraɗin. Da ana zama inuwa ɗaya, da wani tsoho ya ja rigar gwamna ya ce ranka ya daɗe, wannan takarda ba haka ake rubuta ta ba. Amma an riga an kori juna, babu mai jan rigar wani. Kuma kada 'yan taɓo su ji daɗi: a unguwarmu da kunnena na ji wasunsu na cewa Allah ya ƙara, alhali gwamnatin da ke cin wuta da ƙuri'arsu aka kafa ta, mutumin da aka kashe kuma ɗan PRP ne.

Sai ga abin da har yau 'yan santsi ba sa son a tuna musu. A watan Nuwamban wannan shekarar majalisar Kano ta tsige mataimakin gwamna, Ibrahim Bibi Faruk, wanda ya tsaya a ɓangaren Malam, aka ɗora Abdu Dawakin Tofa. Mutanen da suka yi kururuwar zalunci a watan Yuni a Kaduna, su suka ɗauki wuƙar nan suka yanka nasu a Kano bayan wata biyar.

Bari in ɗan leƙa waje, don abin mamaki a daidai wannan shekara jam'iyyar Leba ta Ingila na cikin irin wannan hali. A watan Maris na 1981 wasu jiga-jiganta huɗu suka fice suka kafa SDP saboda suna ganin masu tsattsauran ra'ayi sun ƙwace jam'iyya, kuma a zaɓen 1983 Margaret Thatcher ta yi musu kaca-kaca duka. Amma Leba ba ta mutu ba, ta dawo mulki a 1997. Jeremy Corbyn ya zauna a cikinta duk zamanin Tony Blair yana kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa da gwamnatin jam'iyyarsa ba sau ɗaya ba ba sau ɗari ba, har ranar da 'yan jam'iyya suka zaɓe shi shugaba a 2015. Su ma ba waliyyai ba ne, daga baya sun dakatar da shi a 2020, ya tsaya shi kaɗai a 2024 ya ci kujerarsa. Abin da suke da shi wanda PRP ba ta da shi, fili ne na kokawa: babban taro duk shekara, ƙungiyoyin ƙwadago masu ƙuri'a, rassan mazaɓu da ke iya ce wa shugaba a'a. Wanda aka kayar bana sai ya koma ya yi shiri ya dawo baɗi.

PRP kuwa shekararta biyu da haihuwa rigima ta same ta, kuma, a faɗi gaskiya komai ɗacinta, tsarin mulkinta na zahiri Malam ne. Wannan ba aibu ba ne ga Malam. Mutumin da ya riƙe minista ya mutu a gidansa na Gwammaja ba tare da ya tara komai ba ya cancanci ƙaunar da aka yi masa. Amma jam'iyyar da ginshiƙinta mutum ɗaya ne, duk wanda ya soki shawara sai a ce ya zagi uba. Baba bai taɓa yi wa Baffa bayanin illar taron gwamnoni tara ba. Abin da yake cewa kullum shi ne, "Malam ya ce a bari." A ɗaya ɓangaren kuma gwamna na riƙe da baitulmali da rediyo da kwangila da motocin hawa, saboda haka duk mai neman abin sawa a baki ya san inda zai dosa. Daraja a hannun wannan, mulki a hannun wancan, babu alƙali a tsakani sai FEDECO da kotu. Wato rigimar gida aka ɗauka aka kai wa hukumomin gwamnatin da abokin hamayya ke jagoranta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa da hannunmu muka riƙe masa tsani.

Na san abin da za a ce mini, kuma magana ce mai nauyi: jam'iyyar da ba ta da ladabtarwa kasuwa ce. In gwamna zai yi abin da ya ga dama don yana riƙe da kuɗi, to me ya rage wa jam'iyya? Na yarda. Mun ga ƙarshen wannan hanya a yau, inda gwamna ne jam'iyya, shugabanta na jiha kuma ɗan aikensa. Ta wannan fuskar 'yan taɓo sun hango abin da mu muke ciki. Amma tambaya mai girman wa za mu yi ƙawance da shi ba ta kwamitin mutum ashirin ba ce. Ta wakilan jam'iyya ce daga Ɗambatta zuwa Funtuwa, a tara su, Malam ya yi magana, Rimi ya yi magana, a ɗaga hannu a ƙirga. Ina kyautata zaton Malam ne zai yi rinjaye. Wataƙila Rimi, da zafin kansa, ya fice duk da haka. Amma da ya fice a matsayin wanda 'yan jam'iyya suka kayar, maimakon wanda wasu tsirarun manya suka kora, kuma da Baffa da ire-irensa dubbai ba su ji an kore su tare da shi ba.

Ƙarshen labarin gajere ne. Ƙawancen da aka yi wa wannan sadaukarwa duka bai haifi ɗa mai ido ba. FEDECO ta ƙi yi wa sabuwar jam'iyyar da masu ƙawancen suka so kafawa rajista, Awolowo da Azikiwe kuma kowa ya ƙi janye wa ɗan'uwansa takarar shugaban ƙasa. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983, ana saura 'yan watanni zaɓe. Rimi ya ajiye mulki ya tsaya a NPP, Sabo Bakin Zuwo na taɓo ya kayar da shi, ya hau ya rushe sababbin masarautun. Kaduna ta koma hannun Lawal Kaita. GNPP, wadda ita ma ta dare a kan wannan ƙawance, ta rasa Borno da Gongola. An yi maguɗi a zaɓen 1983, wannan ba a musu, amma maguɗi ya fi sauƙi a gidan da masu gadi ke dambe da juna. Wata uku Bakin Zuwo ya yi. Ranar 31 ga Disamba soja suka karɓe, kuma da shi da Rimi duk suka tsinci kansu a tsare.

To me muka gada? Masu cewa rigingimun yau jikokin santsi da taɓo ne sun yi gaskiya ta fuska ɗaya, mun gaji korar. Har ta zama sana'a: 'yan mazaɓa ƙalilan su zauna su dakatar da shugaban jam'iyya na ƙasa, kamar yadda aka yi wa Adams Oshiomhole a APC da Iyorchia Ayu a PDP, gobe wani ɓangare ya kori waɗanda suka yi korar, jibi a tafi kotu. Mun gaji taɓa masarauta ma: an ƙirƙiri sababbi a Kano a 2019, an sauke Sarkin Kano a 2020, an rushe dokar an dawo da shi a 2024. Abin da ba mu gada ba shi ne abin da ake faɗan a kansa. Baffa zai iya tsayar da kai awa guda yana yi maka bayanin dalilin da ya sa jangali zalunci ne ga Bafulatani, da yadda kuɗin ke bi ta hannu nawa kafin ya isa baitulmali. Ka tare ɗan Kwankwasiyya da ɗan Gandujiyya, mutanen da suka yi shekaru a gida ɗaya kafin su ɓaɓe, ka ce su gaya maka manufa ɗaya a kan noma ko haraji ko makaranta da ta raba iyayen gidansu. In ka samu amsa ka aiko mini. Yau jam'iyyunmu ba su da hagu ba su da dama, sai gaba da baya: wa ke kusa da gwamna, wa aka tura ƙarshen layi.

Ranar jana'izar Malam, Baba da Baffa kowa ya tafi Gwammaja da ƙafarsa, amma tare suka dawo, ba mai magana. Kwano dai ya ci gaba da zama biyu. A 1984 gwamnatin soja ta dawo da haraji. Mai unguwa ya zo da malamin karɓa har bakin shago, Baba ya ƙirga kuɗin daga aljihun gaba ya miƙa, aka yago masa takarda. Da daddare ya aike ni in kira Baffa. Ya miƙa masa ya ce, "Karanta min." Baffa ya matsa kusa da fitila ya karanta suna da shekara da adadi. Baba ya ce, "Sa a gwangwani." Baffa ya kwance zaren ya ɗora ta a kan sauran ya ɗaure. Har ya miƙe zai fita Baba ya ce, "Zauna. Kai kuma je ka gaya wa uwarka daga yau ta daina raba kwano, cefane ya yi tsada."